Tarihin Shaidar Ganin Tsuntsu a Ƙasar Daura

Al'adar tara sunayen tsuntsayen da mutum ya gani a rayuwarsa cikin jeri guda baƙuwa ce a ƙasar Daura, ko da yake sanin tsuntsu kansa daɗaɗɗe ne, domin tun kaka da kakanni manomin Baure ko Sandamu yake ɗaukar saukar shamuwa a matsayin albishirin damina. Abin da ya zo daga waje shi ne sharaɗin hujja, wato dalilin da zai sa wanda bai gani ba ya yarda da wanda ya gani.

Da farko hujjar ita ce gawar tsuntsun. Ernst Hartert, Bajamushen da ya ziyarci Kano da Sakkwato tsakanin 1885 da 1886, da Angus Buchanan, wanda ya bi ta Damagaram daga Kano zuwa Azbin a 1920, harbi suke yi su feɗe, su kai fatun Turai a tantance. Zuwa 1964, lokacin da aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya, madubin hangen nesa ya karɓi aikin bindiga, aka koma dogaro da rubutaccen bayanin launi da kuka da wuri da rana, kuma irin waɗannan bayanai na cikin abin da masanin tsuntsaye John Elgood ya tace ya fitar da jerin tsuntsayen Nijeriya a 1982.

Ƙa'idar da ta zauna ita ce, tsuntsun ya kasance da rai, na daji, ba a tsare ba, kuma mai gani ya gane shi ba tare da kokwanto ba. Da yawa kan karɓi jin kuka ko da ido bai kai ba. A ƙasar Daura ƙa'idar tana da wuyar aiki. Zabon da ke kiwo a bayan gari ba ya shiga jeri sai an tabbatar zabon daji ne, haka ɗawisun gidan attajiri da tattabarun kiwo. Mafi ciwo shi ne gauraka, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a fadamun Arewa, har ya zama an fi ganinta a tsakar gida da yankakken fiffike, ganin da ba ya ƙirguwa. Iyaka ma takan kawo gardama, domin masu jerin ƙasa suna duba inda tsuntsun yake, don haka wanda aka hango daga Kongolam yana bisa bishiya a tsallaken iyaka na Nijar ne.

Tun 2015 shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, ya raba ƙasa zuwa gidaje masu faɗin kusan kilomita 9, kuma akan nemi ƙarin bayani ko hoto kafin a karɓi baƙon tsuntsu. Tsaurin daidai ne, amma ya bar shaidar maharba da masuntan madatsar Sabke a baka kawai. Wajibi ne matasan masarautar Daura masu waya a hannu su bi waɗannan dattawa daji, su rubuta abin da aka nuna musu da wurinsa da ranarsa.