Shanu Arba'in na Dirki

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582–1618) aka fara Dirki. Alƙur'ani ne aka naɗe da fata, aka mayar da shi tsarin gari. Ana yi masa yanka, ana ƙara lulluɓe shi da fatun dabbobin, har aka wayi gari ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki.

Duk abin da jama'a suka yarda yana tsare ƙasa, mai riƙe da shi ya sami iko mai hatsari. Masu tsara wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sun sha fama da wannan matsala. A wasan, 'yan wasa kan zauna a tebur, kowa ya zama jarumi a cikin tatsuniya guda. Idan ɗaya ya tsinci takobin sihiri da ba ya kuskure, sauran sun koma 'yan kallo. Shi ya sa dokokin 2014 suka hana jarumi ɗaya ɗaure kansa da manyan kayan sihiri fiye da uku. Wasu kayan kuma suna ƙarewa, wasu suna cin mai su.

Fadar Kano ta yi wa Dirki irin wannan linzami: tsada da masu tsaro. Sarki ne ke ba da shanun, amma manyan fada ke neman su. Waɗannan manya kuwa ba kanwar lasa ba ne. Tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) akwai majalisar Tara ta Kano. A zamanin Dadi (1670–1703), Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara uku bai biya haraji ba kafin a kashe shi, amma jikansa ta wajen 'yarsa Maryama, wato Sharefa, shi ya hau gadon Kano a 1703, mutanen Gaya suka yi ƙarfi a fada. A irin wannan fada, shanun Dirki wata hanya ce ta tuna wa sarki cewa da bazar wasu yake rawa.

Muhammadu Alwali, wanda ya hau a 1781, shi ya tsinke linzamin. Yunwa ta auka wa ƙasa, manya suka nemi shanu arba'in, suka gargaɗe shi da abin da kan sami mai hanawa. Ya fusata, ya sa samari suka sassare Dirki da gatura, sai ga Alƙur'ani kyakkyawa.

Ta fuskar addini, Alwali ya tone abin da malaman jihadi ke kira haɗa Musulunci da tsafi. Ta fuskar mulki kuwa, ya yanke igiyar da ta ɗaure shi da manyansa, a daidai lokacin da zai fi bukatarsu. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kore shi daga birni, ya bi ta Zariya, ya ƙare a Burumburum a 1807. Gatari bai ci Kano ba, yaƙi ya ci ta. Sai dai sarkin da ya shiga yaƙin ya riga ya nuna wa fadarsa cewa gargaɗinta bai kai shanu arba'in ba.