Citta da Tallafin Noma a Kudancin Kaduna

Tun bayan da layin dogo ya iso Kafanchan a shekarun 1920, citta ta zama jigon arzikin manoman ƙasar Jaba da Kachiya da kewayen duwatsun Kagoro. Sai dai shirye-shiryen raya aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda suka faro daga irin su Funtuwa a 1975, sun fi karkata ga masara da takin zamani, abubuwan da suka fi dacewa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Manomin gindin dutse kuwa ya ci gaba da shuka irin da ya gada. Annobar ruɓewar citta ta 2023, wadda ta cinye gonaki da dama, ta nuna cewa da binciken iri da cututtukansa ya kamata tallafin ya fara.