Jakar mai ɗaukar sauti: Kayan da fim ɗin gaskiya ke dogara da su a fagen aiki

A fim ɗin gaskiya, wanda ake kira dokumentari, mafi yawan shaida ta baki take fitowa. Mutumin da aka kora daga ƙauyensa, ko ma'aikacin da ya yanke shawarar tona almundahanar da ake yi a ofishinsu, yakan faɗi maganarsa sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, kuma da wuya ya yarda ya maimaita. Idan iska ko rugugin janareta ya binne jimlar da ta fi nauyi, babu kwamfutar da za ta dawo da ita yadda ta fito. Saboda haka ne ƙwararru ke ware wa sauti jakarsa daban, mai ɗauke da rakoda da makirfo da batir da abin sauraro na kunne, wadda mutum guda zai rataya ya yini yana tafe.

Wannan jaka tana da tarihin da ya ratsa ta Nijar. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar fina-finai a ƙasar, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, ya fara aiki ne da kyamarar da ake ɗaura wa zare da hannu, wadda ba ta ɗaukar murya tare da hoto. A fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, wanda ya bi rayuwar 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abidjan, sai bayan an gama ɗauka ne Oumarou Ganda ya zauna yana kallon hoton yana ɗora maganarsa a kai. A wannan shekarar ce Stefan Kudelski, injiniya ɗan asalin Poland mazaunin Suwizalan, ya fito da rakodar Nagra III mai aiki da batir, kuma da irinta Rouch da Edgar Morin suka ɗauki Chronique d'un été na 1961 a titunan Paris, mutane na magana ana jin su nan take. Nauyin waccan rakoda ya haura kilo biyar. Wadda ke yin aikinta a yau kimanin rabin kilo ce.

Rakoda

Ita ce ke karɓar muryoyi daga makirfo daban-daban, ta ajiye kowanne a layinsa, ta kuma haɗa su wuri guda domin mai kyamara. Ga ƙaramar tawaga, mai ƙofofi uku zuwa shida ta wadatar, kamar Sound Devices MixPre-3 II da MixPre-6 II na Amurka, ko Zoom F6 ta Japan, waɗanda duka suka fito a 2019. Abin dubawa shi ne ƙofofin su zama na XLR mai kulle waya, su kuma iya ba makirfo wutar volt 48 da yake buƙata.

Ma'aunin da fim da talabijin suka tsaya a kai shi ne 48 kHz, a fayil ɗin WAV. A tsarin bit 24, layi ɗaya na cin kimanin rabin gigabait a awa guda, wato layi huɗu gigabait biyu, don haka katin memori mai gigabait 64 zai kai mutum kwanaki. Sababbin rakodojin na da tsarin 32-bit float, wanda ke ba da damar rage ihun da ya yi yawa ko ɗaga raɗar da ta yi ƙasa bayan an gama ɗauka. Masu talla sun zuzuta shi fiye da kima. Yana ceton wanda ya kuskure wajen saita ƙarfin murya, amma ba ya kusanto da makirfon da aka ajiye nesa, kuma ba ya gyara muryar da ta riga ta fashe tun a cikin makirfo.

Makirfo da tazara

Duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin murya na raguwa da kimanin desibel 6, alhali hayaniyar kasuwa da hon ɗin A Daidaita Sahu na nan yadda suke. Makirfo mai arha a kamu biyu daga baki ya fi mai tsada da ke saman kyamara a taku biyar. Wannan ne dalilin doguwar sandar da ake gani a saman kan masu magana, kuma wadda aka yi da zaren kabon ta fi ta alminiyam sauƙi ga wanda zai ɗaga hannu na tsawon hira.

A fili, dogon makirfo mai saiti gaba ake amfani da shi. Sennheiser MKH 416 ya daɗe a wannan aiki tun shekarun 1970, kuma an san shi da jure raɓa da danshin damina. Rode NTG5 na Ostireliya ya fi shi sauƙin kuɗi da nauyi. A cikin ɗaki mai bangon siminti da rufin kwano kuwa, dogon makirfo na kwaso amsa-kuwwa har murya ta koma kamar daga rijiya take fitowa, gajere irin Audio-Technica AT4053b ya fi dacewa a nan.

Sai ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a ƙirji, wanda ke aika murya ta iska. Masu aiki da zangon UHF suna raba hanya da tashoshin talabijin, dole a nemi layin da babu kowa a kansa duk inda aka sauka. Masu aiki da 2.4 GHz, irin Rode Wireless GO II da DJI Mic, ƙanana ne masu arha, sai dai suna gogayya da Wi-Fi da Bluetooth, kuma jikin mutum kaɗai na iya tare su, shi ya sa sukan yanke a tsakiyar gangamin siyasa. Abin da ke cetonsu shi ne suna iya naɗar kwafi a cikinsu.

Sutura ma matsala ce. Shadda mai sitaci tana ƙara da kowane motsi, hijabi kuma na goga makirfo duk lokacin da aka juya kai. Gara a maƙala shi a waje a bar shi ya fito a hoto, da a ɓoye shi a rasa maganar. Idan mace ce za a yi hira da ita, a miƙa mata ta sa da kanta, ko wata mace a tawagar ta taimaka mata.

Iska, ƙura da wuta

Soson da ke zuwa da makirfo na cikin ɗaki ne kawai. Iskar hunturu na buƙatar riga mai gashi irin ta kamfanin Rycote, ga babban makirfo da ƙananan baki ɗaya, tare da kunna matatar da ke yanke sautin da ke ƙasa da 80 Hz. Ƙura kuwa ta ƙofofi take shiga, sai a toshe waɗanda ba a amfani da su. Batir ba ya shiri da zafi, bai kamata a bar shi cikin motar da aka rufe a rana ba.

Ba a dogara da wutar gari. Rakodar da aka jona da soket tana cikin aiki na iya kwaso gurnanin 50 Hz na layin lantarki, musamman inda janareta ke bayarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce fawa banki mai USB-C ko batirin NP-F, da ƙananan batura na AA a cikin rakodar domin su karɓa idan waya ta zare. Ga mai hawa jirgi, ƙa'idar sufurin sama ta duniya ita ce batiran lithium na ajiya su kasance a jakar hannu, kuma wanda ya wuce 100 Wh sai da izinin kamfanin jirgin. Fawa banki mai 20,000 mAh kimanin 74 Wh ne. Wayoyin salula na kusa kuma a kashe masu layi, domin suna jefa ƙara cikin wayoyin makirfo.

Abin sauraro mai rufe kunne ruf, irin Sony MDR-7506, ba a cire shi har a gama. Allon rakoda na nuna ƙarfin sauti ne kawai, kunne ne ke gane cewa firji ko fanka na kuka a bayan mai magana. Domin daidaita hoto da murya, ƙananan agogon Tentacle Sync na Jamus na yin aikin, wanda ba shi da su kuma tafi ɗaya a gaban kyamara ya ishe shi. Kafin a tashi, a naɗi shirun wurin na rabin minti zuwa minti ɗaya, mai tace fim zai cike giɓi da shi.

Kare mai ba da shaida

Tsofaffin makirfo na UHF ba sa kulle abin da suke aikawa, duk mai na'urar kama zango da ke kusa zai iya sauraro. Hirar da ka iya jefa mutum cikin haɗari da waya ake ɗaukar ta. Makirfon ƙirji kuma ba ya sanin an gama hira, yana ci gaba da kwasar abin da mutum ke faɗa wa iyalinsa, wanda bai ba da izinin a naɗa ba, don haka a cire masa shi da zarar an kammala.

Sauya kaurin murya da kwamfuta ba kariya ba ce mai ƙarfi, ana iya mayar da ita, kuma karin harshe da salon magana kan tona mutum a wurin waɗanda suka san shi. Kafofin da suka ɗauki lamarin da muhimmanci sukan sa wani ya karanta kalaman. Fayil na asali kuwa ba a taɓa shi: a kwafe shi wuri biyu a daren da aka ɗauka, ɗaya a ma'ajiya mai kulle da kalmar sirri, a raba su jaka daban-daban kafin a kama hanyar da ke da shingayen bincike. Ranar da wani jami'i ya ce an yanke masa magana, wannan fayil ɗin mai kwanan wata da lokaci ne edita da lauya za su nema.