Tarihin Shuka Ciyawar Kiwo a Ƙasar Niyu Zilan

Ciyawar da shanun madara ke ci a Niyu Zilan kusan dukkanta baƙuwa ce a ƙasar, kamar yadda su shanun ma baƙi ne. A shekarar 1814 wani ɗan mishan mai suna Samuel Marsden ya sauke shanun farko a arewacin ƙasar, lokacin da kurmi ya rufe yawancin Tsibirin Arewa. Turawan da suka biyo baya sai suka riƙa sare kurmin, su bar itatuwan su bushe, su cinna musu wuta a ƙarshen lokacin zafi, sannan su bi tokar suna watsa iri da hannu. Ba iri ɗaya suke watsawa ba. Sukan haɗa raigiras da kokfut da kuloba fara da ja da wasu ciyayin Ingila, don ba wanda ya san wadda za ta kama. Jar kuloba ma ta ƙi yin 'ya'ya sosai sai da aka kawo wani babban ƙudan zuma mai gashi daga Ingila a 1885.

Abin da ya mai da wannan aiki sana'a shi ne jirgin ruwa mai ɗakin sanyi. A 1882 wani jirgi mai suna Dunedin ya kai daskararren nama Landan lafiya, kasuwar man shanu da cuku ta biyo baya, ciyawa ta zama dukiya. Sai dai albarkar toka ba ta daɗewa. Bayan 'yan shekaru ƙasa takan gaji, ciyawar kirki ta ja baya, ciyayi marasa amfani da sabon daji su mamaye filin.

Gyaran ya zo ta hanya biyu. Ta farko takin supa ne, wanda aka riƙa sarrafawa da dutsen fosfet na tsibirin Nauru. Amfanin supa a nan yana ga kuloba, ita kuwa kuloba dangin wake da gyaɗa ce: saiwarta na tara naitirojin daga iska, ciyawar da ke kusa da ita ta amfana. Wannan haɗin gwiwa na raigiras da farar kuloba shi ne ginshiƙin kiwon ƙasar na tsawon shekaru masu yawa, kuma shi ya sa madararta ta yi araha. Daga ƙarshen shekarun 1940 har da ƙananan jiragen sama aka riƙa watsa takin a kan tuddai.

Hanya ta biyu ita ce tantance iri, kuma a nan sunan wani mai bincike, Bruce Levy, ya fito. A tashar bincike ta Palmerston North shi da abokan aikinsa suka shuka irin raigiras da aka tattaro daga sassan ƙasar, suka ga cewa da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan mai daɗewa ba ya jimawa yake mutuwa, alhali irin tsofaffin makiyayun yankin Hawke's Bay yana jure kiwo shekara da shekaru. Daga nan gwamnati ta fara ba iri takardar shaida, manomi ya san abin da yake saye. Ba ƙaramin adalci aka yi wa mai kiwo ba, domin wanda ya nome fili ya shuka mugun iri ya yi asarar kuɗi da shekara gaba ɗaya.

Wani sirri bai bayyana ba sai 1981. Dabbobi sun daɗe suna fama da ciwon tangaɗi a lokacin zafi, sai masu bincike a garin Lincoln suka gano cewa wata funfuna da ke zaune a cikin jikin raigiras ce ke jawo shi. Da aka gwada ciyawa marar funfunar, ƙwaro ya cinye ta, ashe dafin da ke wahalar da dabba yana tare da wanda ke korar ƙwari. Maganin da aka samu shi ne zaɓo nau'in funfuna mai kare ciyawa ba tare da cutar da dabba sosai ba, irin su AR1 da AR37 da suka shiga kasuwa a shekarun 2000. Funfunar tana mutuwa idan iri ya daɗe a ajiye cikin zafi, shi ya sa mai sabunta makiyaya yake tambayar shekarar da aka girbe irin kafin ya biya.

Daga shekarun 1990 takin yuriya ya yawaita a gonakin madara, kuloba ta ragu, naitirojin ya riƙa tsiyaya cikin koguna. Wannan ya sa manoma da dama suka koma gauraya iri, suna ƙara ganyayyaki masu doguwar saiwa irin su cikori da filanten, na farko don jure fari, na biyu don rage naitirojin da fitsarin shanu ke zubarwa a ƙasa.