Ƙodar Ronald da ƙodar mai bashi

Wani mai sauraro ya taɓa kira na ina tsakiyar shiri, ya ce bashi ya yi masa katutu, ko laifi ne ya sayar da ƙodarsa ɗaya? Na yi shiru, abin da ba a yafe wa ɗan rediyo. Tun ranar nake bin tarihin lamarin.

A Disamban 1954, a Boston ta Amurka, likita Joseph Murray ya dasa ƙodar Ronald Herrick a jikin tagwaininsa Richard, wanda ya ƙara shekara takwas a duniya. Kyauta ce ta ɗan'uwa. Da dashe ya yawaita sai dillalai suka shigo. A 1983 wani likita a Virginia ya nemi kafa kamfanin sayen ƙoda daga talakawa, abin da ya sa majalisar Amurka ta haramta cinikin a 1984.

Iran kuwa ta bi wata hanya. Tun 1988 doka ta yarda a biya mai bayarwa: gwamnati ta ba shi wani abu, majinyaci ya ƙara, ƙungiyar marasa lafiya ce ke haɗa su. Layin jira ya ragu ƙwarai, wannan ba na musunsa. Sai dai masu sayarwar galibi irin mai kirana ne, kuma kuɗin kan ƙare wajen biyan bashi, ƙodar kuma ta tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne, inda aka haramta ma, likita da asibiti ana biyan su. Mai ƙodar kaɗai ake cewa ya yi don Allah.