Daga mazari zuwa Tergal: tarihin yadin da ƴaƴanmu ke sawa zuwa lakwal



Duk shekara in watan Oktoba ya kusanto, hira guda ce a bakin iyaye daga Yamai har Damagaram: kuɗin rajista, kuɗin littattafai, da kayan makaranta. Lakwal ta faɗi launi, uba ya nufi kasuwa, mai yadi ya yanko, tela ya ɗinka. Tambaya biyu ake yi wa mai yadi: nawa ne, kuma zai jure wanki? Akwai ta uku da ba a cika yi ba: da me aka yi yadin nan, kuma me aka shafa masa kafin ya iso hannunmu? Yaro zai shafe wata tara a cikin wannan riga, da sanyi da zafi. Shi ya sa na ga ya kamata mu bi tarihin yadin, mu ga inda amsar wannan tambaya ta kuɓuce mana.

A da, Bahaushe ba ya buƙatar tambayar kowa, domin a gabansa ake yin tufarsa. Auduga tana gona. In an tsinko, mata su gurje ta su fitar da gurya, su shiɓe ta, su naɗa sutu, sannan su ɗauki mazari. Ni kaina na tarar da tsofaffin gidanmu suna kaɗi da rana tsaka, da alli a yatsa da taskira a gefe, suna raba zare mai kauri, wato abawa, da siririn da za a yi wa riga ta gari. Masaƙi ya karɓa ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, faɗinta bai wuce ƴan yatsu ba, maɗinki ya harhaɗa. In ana son launi sai a kai marina, a tsoma a karofi da baba da ruwan toka, a ƙare wurin masu bugu. Tun daga gona har wuyan mai riga, kowane hannu sananne ne, kuma ana iya zuwa a yi masa magana in ya yi ha'inci.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, daga baya ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Abin da ya fi ba shi mamaki a Kano shi ne tufa. Ya ƙiyasta cewa abin da ake kaiwa Tumbuktu kaɗai a shekara bai gaza kayan raƙumi 300 ba. Turkuɗin garin Kura kuwa, da shi Abzinawa ke naɗa rawani har gobe, kuma ta ƙasarmu ayarin ke ratsawa zuwa Agadas.

Kada a ce tufar da ba ta da shafe. Tana da shi. Turkuɗi yana zubar da shuni a fatar mai sawa, kuma ana sa wa tufa sitaci ko ƙaro don ta tsaya ta yi ƙyalli. Amma mai saye ya san sunan abin da aka sa, ya san bishiya ko ganyen da ya fito, kuma wanki yana tafiya da shi.

Zuwan Turawa ya fara kwance wannan tsari. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Manchester ya samu hanya mai sauƙi zuwa kasuwanninmu. Kantunan irin su CFAO da SCOA suka riƙa sayen gyaɗa suna sayar da akoko da alawayyo da atamfa. Manomin da ake bi haraji da kuɗin Bature, wanda gyaɗa ta ba shi ɗan canji a aljihu, ya ga yadin kanti ya fi faɗi, ya fi araha. Masaƙa ba su mutu nan take ba, sai dai a hankali aikinsu ya koma na gwado da luru da kayan aure.

A wannan zamani ne kaki ya shigo. Asalinsa daga Indiya ne. A ƙarshen shekarun 1840 wata rundunar Ingila da ke Peshawar ta fara sa tufa mai launin ƙasa, kalmar ma daga Farisanci ta samo asali, ma'anarta ƙura. Sojojin mulkin mallaka suka ɗauka, ƴan sanda da masinjoji suka bi, daga nan ya gangaro kan ɗan makaranta a ƙasashe da dama na yankinmu. Duk da tarihinsa na bariki, kakin farko auduga ne zalla, mai kauri, mai shan gumi. Dattawan da suka yi lakwal a lokacin suna tuna yadda yake tauri ranar farko, ya yi laushi bayan wanki uku.

Bayan samun ƴancin kai an yi ƙoƙarin maido da saƙa gida ta hanyar inji. Kamfanin CFDT na Faransa ya ƙarfafa noman auduga a kwarin Majiya, aka kafa injin gurza a Madawa. A Yamai aka yi masaƙar da aka sani da Sonitextil, wadda daga baya ta koma Enitex. A maƙwabta, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, yadinsu yana tsallako iyaka kullum. Amma tun kafin waɗannan masaƙu su kafu, abokin hamayyarsu ya riga ya fito. A 1941 wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka ƙirƙiro zaren poliyesta. A 1954 kamfanin Rhodiaceta na Faransa ya fito da nasa da sunan Tergal, sunan da ya zauna a bakin telolinmu har yau. Zare ne da ake samu daga man fetur, dangin robar da ake yin gorar ruwa da ita. Ba ya yamutsewa, ba ya koɗewa da wuri, yana bushewa kafin a gama shanya. Wace uwa ce za ta ƙi?

Sauran labarin mun gan shi da idonmu. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, aljihu ya ƙara ƙuntata. Bosho ya cika kasuwa, yadin Asiya mai araha ya biyo baya, manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, tamu ta Yamai ma ba ta tsira ba. Yau yadin da ake yi wa ɗalibi riga da shi yakan ratso teku da hannu biyar ko shida, kuma mai sayar da shi bai fi mai saye sanin abin da ke cikinsa ba.

Shafen zamani ma yana da nasa tarihi. A wajajen 1930 kamfanin Tootal na Manchester ya gano yadda za a hana auduga yamutsewa ta hanyar jiƙa ta da wani ƙaro na sinadari mai ɗauke da formaldehid, wanda ruwansa ne ake kira formol a asibiti. Wannan sinadari yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji ga masu yawan shaƙarsa. Sai kuma dangin sinadaran da ake kira PFAS, masu hana ruwa da maiƙo kama yadi. Tushensu ya koma 1938, lokacin da aka gano Teflon a kamfanin DuPont na Amurka, kuma a shekarun 1950 aka fara shafa wa tufafi irinsu. Ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, suna daɗewa a jikin mutum, kuma bincike ya danganta wasu daga cikinsu da rage ƙarfin allurar rigakafi a jikin yara.

A 2022 masu bincike daga jami'o'in Amurka da Kanada suka auna kayan makarantar da ake sayarwa can da sunan ba sa kama datti. Sun samu PFAS a dukkansu. Abin lura shi ne, waɗanda aka yi da auduga zalla sun fi na roba yawan sinadarin, domin auduga mai shan ruwa ce, sai an ɗura mata da yawa kafin ta ƙi sha. Ke nan kalmar auduga kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tambayar shafe. Faransa ta yi doka a 2025 da ta hana sa PFAS a tufafin sawa daga 2026. Mu kuwa da ba mu da mai auna mana kowane bandir, ido da hannu da tambaya su ne kariyarmu.

Malamai sun fi kowa sanin abin da watan Afrilu da Mayu ke yi wa aji. Zafi ya haura digiri 40, rufin kwano ya ɗauka, yara sun cunkushe a benci. Zaren roba ba ya shan gumi, sai ya bar shi tsakanin riga da fata, ga ƙurajen zufa, ga wari, ga yaro yana susa maimakon sauraro. Akwai kuma maganar wuta. Ba mu manta da gobarar ajin zana da ta ci yara fiye da 20 a Maraɗi a Nuwamban 2021 ba, Allah Ya jiƙansu. Maganin wannan shi ne gina aji, ba canza riga ba, kuma auduga ma tana cin wuta. Amma ya kamata iyaye su sani cewa poliyesta narkewa yake yi ya manne wa fata, abin da ke ƙara zurfin ƙuna.

To yaya za a gane yadi na gari? Ga abin da nake yi, kuma tsofaffin teloli sun riga ni. Ka roƙi mai yadi ɗan ƙyalle, ka zaro zare ta tsaye da ta kwance, ka kusanta su da ashana a wurin da ba haɗari. Auduga takan ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba takan janye daga wuta, ta narke, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. In ka ga toka da dunƙule tare, gauraye ne. Sannan ka ɗiga ruwa a kan yadin. In ya tsaya kamar ƙwallo yana gangarawa, an yi masa shafe. In ya nutse, alama ce mai kyau. Ka damƙe yadin a tafin hannu: audugar da ba a taɓa ba dole ta yamutse. In rigar ɗinkakkiya ce mai takarda a wuya, ka guji wadda aka rubuta wa « anti-taches », « déperlant », « infroissable » ko « sans repassage ». Kuma kowane sabon yadi a wanke shi sau biyu kafin a kai wa tela. Wanki yana rage formol da rarar rini, yana kuma sa auduga ta gama tsukewa kafin a yanka. PFAS kam an yi shi ne don ya jure wanki, don haka gara a kauce masa tun a kasuwa.

Na san abin da za a ce: auduga ta fi tsada, tana son guga, tana koɗewa. Gaskiya ne, kuma uban da ke da yara biyar a lakwal ba a yi masa wa'azin tsada. Shi ya sa maganar ta fi ƙarfin gida ɗaya. Ƙungiyar iyayen yara da kwamitin kula da makaranta suna iya zama tun kafin hutu ya ƙare, su gwada yadi uku ko huɗu a gaban kowa, su sayi bandir a dunƙule, su raba wa telolin unguwa. Darakta kuma yana iya tsayawa kan launi kawai, ya bar iyaye su zaɓi irin yadin, ya kuma daina korar yaro don rigarsa ta ɗan yamutse. Inda har yanzu akwai marina, farin yadin auduga da aka tsoma a baba yana ba da shuɗin da makarantu da yawa ke nema, kuɗin kuma ya tsaya a gari.

Ba ina kira a koma kaɗi da mazari ba ne, wancan zamani ya wuce. Abin da nake so mu karɓo daga kakanninmu shi ne ɗabi'ar sanin abin da muke sa wa ƴaƴanmu. Su sun sani don a gabansu aka yi, mu sai mun tambaya mun gwada. In iyayen makaranta ɗaya suka fara tambaya, mai yadi zai tambayi dillalinsa, dillali ya tambayi mai kawo kaya, har kasuwa ta gane akwai masu neman auduga marar shafe.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba malamai ladan haƙurinsu.