Labarin Yadda Aka Sa Iska Ta Yi Dako Cikin Bututu

Duk wanda ya taɓa aikin gari, ko a ofishin ayyuka ko a na tsabta, ya san wahalar abu biyu: kawo wa mutane ruwa mai kyau, da fid da ƙazanta daga cikinsu. Wannan labari na wata dabara ce da aka daɗe ana gwadawa a kan waɗannan al'amura, watau zuƙo kaya ta cikin bututu, ko ruwa ne, ko hatsi, ko najasa. Yawancinsa a Turai ya auku, musamman a birnin Amstadam na ƙasar Holan, inda hukumar gari ta yi shekara kamar 40 tana kwashe bayan gidan mutanenta da iska. Abin da ya tsai da aikin nan, da abin da ya kashe shi, sun isa ma'aikacin hukuma ya yi tunani a kansu.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. In wanzami zai yi ƙaho, yakan kifa shi a jikin mutum, ya zuƙe iskar ciki da bakinsa, ya toshe 'yar kafar sama, sai ka ga fata ta taso, jini ya biyo. Ga ido kamar ƙahon ne ke ja, amma ba haka ba ne. Iskar nan da muke zaune cikinta nauyi gare ta, tana danna kowane abu ta kowace fuska. A bakin teku, nauyinta a kan wuri mai inci ɗaya tsawo da inci ɗaya faɗi ya kai laba 15 ba kaɗan. Ba mu jin wannan nauyi domin ciki da waje daidai suke. Amma da zarar an rage iska a gefe ɗaya, sai ta ɗaya gefen ta rinjaya, ta tura abin da ke tsakani. Saboda haka duk famfon da aka ce yana zuƙa, wuri kaɗai yake buɗewa. Iskar waje ita ke ɗaukar kayan.

Mutane sun daɗe suna aiki da famfo kafin su gane haka. Masu aikin rijiya a ƙasar Italiya sun lura cewa famfo, kome kyansa, ba ya iya zuƙo ruwa in zurfinsa ya wuce ƙafa talatin da 'yan kai. Masanin nan Galiliyo ya ambaci wannan matsala cikin littafinsa na shekarar 1638, amma bai kai ga ainihin dalilinta ba. Almajirinsa Toriceli shi ya warware ta bayan rasuwar malamin. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwano mai zaiba, sai ta sauko ta tsaya a wajen inci 30. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi da ɗan ɗoriya. In ka yi lissafi, inci 30 na zaiba daidai yake da ƙafa 34 na ruwa. Nan ne iyakar ƙarfin iska. A wurin aiki kuwa ba a ma samun haka, galibi ƙafa 25 ce ƙarshen abin da famfo ke zuƙowa.

Wanda ya nuna wa jama'a girman wannan ƙarfi ba malamin makaranta ba ne, ma'aikacin hukuma ne, Oto fon Gerike, ɗaya daga cikin magadan garin Magdabag a ƙasar Jamus. Ya ƙera famfon fid da iska, ya sa aka yi masa kwanonin jan ƙarfe biyu kamar ƙwarya da murfinta, ya haɗa bakinsu, ya zuƙe iskar ciki. A shekarar 1657 aka ɗaura dawaki takwas a wannan gefe, takwas a wancan, suka ja, kwanonin suka ƙi rabuwa. Da ya buɗe 'yar kafa iska ta shiga, sai suka rabu don kansu. A riƙe wannan a zuci, domin 'yar kafar da ta yi abin da dawaki 16 suka kasa, ita ce ajalin kowane aikin zuƙa.

Da injin tururi ya yawaita, sai aka shiga sa iska dako sosai. A shekarar 1853 aka shimfiɗa wani siririn bututu mai tsawon yadi 220 a birnin Landan, tsakanin kasuwar hannun jari da ofishin waya, ana sa takardun waya cikin ɗan gwangwani iska ta kai su. Birnin Faris ya fara nasa a 1866, ya yi ta aika wasiƙu ta ƙarƙashin ƙasa har 1984. Cikin shekarun 1890 wani injiniya mai suna Dakam ya gyara na'urar da ke zuƙo hatsi daga cikin jiragen ruwa a tashar Milwal ta Landan, aikin da dā sai da shebur da buhu. Amma babu inda aka ɗora wa wannan dabara nauyin rayukan mutane kamar a Amstadam.

Ƙasar Holan shimfiɗaɗɗiya ce, wani sashinta ma teku ta fi shi tudu. Amstadam an gina ta bisa fadama, hanyoyin ruwa sun ratsa ta ko'ina, in ka yi haƙa kaɗan sai ruwa ya ɓullo. Masu hali suna da shadda a gida, ko su saki ƙazanta cikin hanyoyin ruwan nan. A unguwannin talakawa kuwa bokiti ake ajiyewa, keke ya zo ya kwashe, har mutanen gari don ba'a suka laƙaba wa keken sunan wani mashahurin mai yin turare. A shekarar 1866 annobar amai da gudawa ta faɗa wa ƙasar, ta kashe mutum wajen 21,000. Ya zama tilas hukumomin garuruwa su nemi mafita.

Hanya ɗaya ita ce wadda Landan ta bi bayan ɗoyin da kogin Temis ya yi a 1858, watau a gina manyan magudanai na tubali, a kora kome da ruwa ya gangara. To, gangara sai da tudu, Amstadam kuwa ba ta da shi. Ana cikin haka sai ga wani ɗan ƙasar da wata shawara dabam. Sunansa Kyaftin Lirnur, an haife shi a garin Harlam a 1828. Ya yi aikin injiniya a Amurka, ya shiga yaƙin basasarta a rundunar jihohin kudu, ya rasa ƙafa ɗaya, sa'an nan ya komo Turai.

Shawararsa ƙafa biyu gare ta. Ta farko, kada a gauraya bayan gida da ruwa, a ɗauke shi shi kaɗai ta bututun ƙarfe, iska ta tura shi, ko da tudu ko babu. Ta biyu, abin da aka tara a sayar wa manoma taki, kuɗin ya riƙe aikin. Wannan magana ba za ta zama baƙuwa ba ga wanda ya san yadda manoman kewayen Kano suka daɗe suna shigowa birni da itace a kan jakuna, su koma da takin gari zuwa gonakinsu. A Turai ma a zamanin nan masana, irin su Libig na Jamus, suna ta kukan cewa birane na zubar da ƙarfin gonaki cikin koguna.

Ga yadda aikin yake. Kowane gida yana da masai wanda ba a kora shi da ruwa. Daga ƙarƙashinsa bututun ƙarfe mai faɗin inci 5 ya fita ya haɗu da na titi, na titi kuwa ya zarce zuwa wani tankin ƙarfe da aka binne a mararraba. Kowace rana ma'aikata su zo, inji ya zuƙe iskar tankin, sa'an nan a murɗe makunnin titi ɗaya. Nan take iska ta kwararo ta bakin masan gidajen, ta turo duk abin da ke ciki zuwa tanki. A rufe wannan, a buɗe na gaba, har a gama unguwa. Da fari injin tururi ake jawowa a kan keke tare da tankin kwasa. Daga baya aka gina babbar tasha guda, aka haɗa tankunan unguwanni da ita ta bututu. Wani amfani da tsarin ke da shi shi ne, lokacin zuƙa, in bututu ya tsage, iska ce ke shiga, ba ƙazanta ke fita ba.

A farkon shekarun 1870 aka fara aiki da shi a Laidin da Amstadam, daga baya Dodrek ta bi. Amstadam ce ta fi faɗaɗa shi, musamman a sababbin unguwanni, har ya zama mutum fiye da 100,000 na amfani da shi. Ana kai takin ga manoma cikin jiragen ruwa, daga baya kuma aka kafa masana'anta tana fid da gishirin taki daga cikinsa. Injin ya yi abin da aka ce zai yi, ba a nan matsala ta ɓullo ba.

Matsala ta fito daga cikin gidaje. Lirnur ya yi lissafinsa a kan cewa ba abin da zai shiga masai sai abin da aka yi shi dominsa. Amma matar da ke zaune a bene na uku, ga ta da bokitin ruwan wanke-wanke, ba za ta sauko da shi titi ba alhali ga rami a kusa. Sai ta juye a ciki. Wasu kuma su jefa tsumma da toka da ɓawon dankali, bututu ya toshe, a tono. Ban da wannan, tun 1853 aka fara kawo wa birnin ruwan famfo, kuma da ruwa ya shiga gidaje sai mutane suka fi son masai mai kora da ruwa, domin ya fi rashin wari. Ruwan da ke shiga bututun Lirnur ya yi ta ƙaruwa, takin ya tsinke. Manomi ba zai biya kuɗi ya yi dakon ruwa ba, ga shi kuwa takin kanti ya fara samuwa da araha. Ƙafar da aka ce za ta riƙe aikin ita ta fara karyewa. Bugu da ƙari, ruwan wanka da na kicin, waɗanda tsarin bai ɗauka ba, suna nan suna gangarawa cikin hanyoyin ruwan birni suna ɗoyi. Ashe hukuma za ta biya kuɗin aiki biyu ke nan.

Lirnur ya rasu a Balin a 1893, yana kan kare dabararsa da alƙalami. A farkon ƙarni na 20 hukumar Amstadam ta yanke shawarar gina babban magudani guda mai ɗaukar kome, da manyan famfuna masu tura shi zuwa bakin teku. Wajen 1912 aka shiga sallamar tsarin iska, bayan 'yan shekaru ya zama labari.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Cikin shekarun 1950 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Liljandal ya ƙera masai mai zuƙa wanda ke da murfin da ke buɗewa ya rufe don kansa, yana cin ruwa kamar lita ɗaya da 'yan kai a kowane kori. Wannan murfi shi ne abin da Lirnur ya rasa, domin ya ɗauke wa leburori murɗa makunni, ya kuma bar mai gida ya kora da ruwa kaɗan. Irinsa ne ake sa wa jiragen sama da na ruwa da na ƙasa da yawa, ana kuma shimfiɗa magudanan zuƙa a garuruwan fadama da na bakin teku. A 1961 aka fara zuƙe shara ta bututu a wani asibiti a garin Solefte na Suwidin, a 1975 kuma aka yi wa tsibirin Rusabel na birnin Niyu Yok irin wannan. Motar nan mai tanki da mesa da ke yashe shadda a garuruwanmu, ita ma tankin Lirnur ne aka ɗora a kan taya.

Mu ma dokar Toriceli ta iso mu tun tuni. A shekarar 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwa da lantarki na Kano, wanda aka yi da kuɗin Baitulmalin En'e, ana ɗebo ruwa daga kogin Calawa. Duk makanikin da ya taɓa riƙe famfo a bakin kogi ko rijiya ya san abin da ke faruwa in rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya ya wuce iyakar zuƙa, ko kuwa in mahaɗin bututu ya saki ya sha iska. Inji na ta kuka, mai na ƙonewa, ruwa ko ɗigo.

To, ga abin da labarin Amstadam ya bar wa masu riƙon aikin jama'a. Kafin a binne bututu, a shiga gidajen da zai bauta wa, a ga yadda masu gidan ke zama, a tambayi wadda ke ɗaukar bokiti inda za ta zubar. Kada kuma a rataya aikin lafiyar gari a kan ribar da ake zaton wani ciniki zai kawo, domin kasuwa takan juya, annoba kuwa ba ta jiran kasuwa. In aikin ya tsaya, a girmama mai zagayawa yana duba mahaɗi yana ɗaure kusa, a ba shi kayan aiki a kan kari, a saurari rahotonsa. Sunan injiniya shi ake rubutawa a jikin gini ranar buɗewa, amma shekarun da aikin zai yi a hannun wannan mutum suke.